Bijimin Ajiya

Ku matso nan kusa, ku gyara zama, in ba ku wani labari da har yau ban gama gane kansa ba. Waɗanda abin ya faru da su duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni, amma duk sa'ad da na jiyo rurin sa daga nesa sai lamarin ya dawo mini sabo, in yi ta juya shi a raina kamar mai juya waina, ba ya nuna.

A wani ƙauye na gefen Challawa aka kai ni aure, wajen shekarun da aka fara kafa kamfanoni a wurin. Da aka kawo ni, in ka leƙa ta kan danga gonaki ne har bakin kogi. Kafin in yaye ɗana na biyu an ja waya, an ta da katangu, jiniyar kamfani ta zama ita ke gaya mana rana ta yi tsaka. Ni dai ba mai fita ba ce, ko da an ba ni izini ma zaman gida ya fi mini daɗi, karatuna kuma bai wuce na allo ba. Amma Allah ya ba ni kunne. Ɗakina kuwa an gina shi a wuri mai albarka: bangonsa na gaba shi ne bayan zauren surukina, tagarsa ta baya tana kallon garke. Saboda haka maganar maza da maganar shanu duk a ɗakina suke haɗuwa.

Surukina, wanda kowa ke kira Baba, manomi ne da kamfanoni suka cinye yawancin gonarsa. Abin da ya rage masa na taƙama shi ne ɗan garkensa, a cikin garken kuma wani farin bijimi mai baƙin kunne, tozonsa har ya kwanta gefe don girma. A hannunsa aka haife shi. Shi da kansa yake kora shanun kiwo, ba ya yarda da kowa.

A garinmu ba kowa ke da bijimi ba. Mai saniya ɗaya, mai biyu, ina zai iya da cikin ƙaton sa? Sai dai duk wanda saniyarsa ta nemi barbara ya jawo ta gidanmu, a sake ta cikin garken Baba. Ba a biyan ko kwabo, Baba ya ce malamai sun hana cin kuɗin wannan. Abin da ake yi, in saniyar ta haihu, dakashi ya wuce, sai a cika ƙwarya da madara a aiko wa mai bijimi. Ba a haɗa ta da wata magana. Ƙwaryar ita ce godiya, ita ce kuma shaidar cewa maraƙin nan ɗan bijiminka ne. A shekarun farko na zuwana, da wuya wata ya wuce ba a yi sallama da irin ƙwaryar nan ba, Baba ya kurɓa, ya goge gemu, ya miƙo mana saura cikin gida.

Ni ma ina da saniya a garken. Mahaifina ne ya ba ni ita tana karsana, ranar da za a kawo ni, ita kaɗai ce abin gidanmu mai numfashi da ya biyo ni. Ta haihu sau ɗaya, maraƙin bai zauna ba. Daga nan damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, shiru, sai ƙiba take yi tana sheƙi. Uwar mijina, Inna, ta leƙa ta wata rana ta ce, "Yarinya, saniyar nan taki in ta ƙara shekara haka, kitse zai rufe ta. Daga nan kuwa sai mahauta." Kwana na yi maganar nan tana ci na.

Laifin ba na saniyata ba ne, ni na sani, don kunnena ya riga idon kowa ganin tsufan bijimin. Da, in ya yi ruri sai kwanukan jerena su amsa. A hankali muryar ta dushe, ta koma kamar ana jan tsohon gado a kan daɓe. In yana cin kara ina jin yadda yake ta mamula, rabi na zubowa ƙasa, haƙoran sun cinye. Tafiyarsa ma ta canza, ƙafa uku su taka, ta huɗun ta ja ƙasa, kofaton ya yi tsawo ya lanƙwashe. Sauran shanu su gangara wajen kogi, shi kuwa sai ya samu inuwar katangar wani kamfani ya jingina yana tuƙa. Da jiniyar rana ta busa, sai ya miƙe ya kamo hanyar gida shi kaɗai, tare da ma'aikatan da suka tashi. Inna ta ce, "Saura kawai a yanka masa katin aiki."

Maƙwabta ma sun gane. Da sassafe nakan ji takun saniya ya zo daidai ƙofarmu, mai janta ya rage murya, su wuce, su miƙi hanyar Zawaciki inda wani ke da bijimi. Ƙwaryar madara ta ɗauke ƙafa daga zaurenmu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wa zai gaya wa Baba? Ɗa ba ya buɗe baki gaban mahaifinsa ya ce bijiminsa ya daina bin shanu, kunya ba za ta bar shi ba. Suruka kuwa, ni ko gaisuwa daga durƙushe nake yi, kaina a ƙasa. Inna ta ce ita tun da aka kawo ta ba ta taɓa sa baki a sha'anin garke ba, ba kuma yanzu da furfura za ta fara ba. Maigidana, wanda ke aiki a wata masaƙa a Sharada, na dame shi da mita har ya yi ta maza ya gwada sau ɗaya. Ina ji ta bango.

"Baba, bijimin nan kamar ya ɗan gaji."

"Zafi ne."

"Na ga kamar ƙafar..."

"Kai ma da kake dawowa daga masaƙar taku kana jan ƙafa kamar an ɗaura maka turmi, canza ka za a yi?"

"A'a, Baba."

"To, gobe in ka samu mai zuwa Bompai a sayo mini angurya."

Shi ke nan maganar ta mutu. Baba ya duƙufa da jinya: dusa a jiƙa ta da ruwan kanwa har ta yi laushi kamar kunu, a zuba angurya, a tafasa sassaƙen maɗaci a ɗura masa. Ni ce mai tafasawar, har yau ina jin ɗacin a hancina. Bijimi ya sha, ya yi gyatsa, ya koma katangarsa.

Akwai wani mutumin Damagaram da ke haya a shagon da ke jikin zaurenmu, yana aiki a kamfanin jima na Challawa. Tun kafin ya yi sallama warin fata ke yi masa iso. Mutum ne mai gaskiya har ta yi masa yawa, in zai faɗi abin da ba haka ba sai in'ina ta kama shi. Shi maigidana ya zaɓa, don shi kaɗai ne baƙon da Baba ya yarda da shi. Dabarar ita ce: maigidana ya ɗauki adashinsa na wurin aiki, ya sayo ɗan bijimi mai jini a jika, a kawo shi a ce na mutumin Damagaram ne, ajiya ya kawo don ba shi da wurin ɗaurewa. In ya shiga garke, sauran aiki ai ba sai an koya masa ba. Baba bai ji kunya ba, tsohon bijimi bai bar gida ba, saniyata ta tsira. Da maigidana ya zayyana mini, na ce kai, ashe masaƙa na ƙara wa mutum basira.

Ranar wata Juma'a da yamma suka jawo shi. Shi ma fari ne, ƙahonsa gajere, sai zillo yake yi. Na manna kunne.

"Baba, ga... ga wani ɗan sa na... na saya," in ji mutumin Damagaram. "Na ce ko za a... a taimaka a riƙe mini."

Na ji Baba ya tashi, ya zagaya san, ya bubbuga shi, ya buɗe bakinsa.

"Kai ka zaɓo shi?"

"Eh... eh, Baba."

"Ashe ka san shanu. Ni na ɗauka sai an feɗe su kake gane su." Aka yi dariya. "To, me kake nufin yi da shi?"

Wannan tambayar ba su shirya mata ba. Na ji maigidana ya yi tari. Mutumin Damagaram ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Ki... kiwo, Baba. Ya yi ƙiba, in Sallah ta zo in sayar."

"Madalla," in ji Baba. "Amana ce, mun karɓa. Allah ya ba mu ikon riƙewa."

Aka saki baƙo cikin garke. Abin da ya biyo baya shi ne farkon ruɗewata. Washegari da hantsi ina tankaɗe, sai na ji kwanukan jerena sun amsa. Na ce kai, sabon san nan, yaro da shi, da murya yake. Na leƙa taga. Wallahi ba yaron ba ne, tsohon ne. Ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da ƙafar da yake ja, yana watsa ta bayansa. Daga ranar ya manta da katangar kamfani, jiniya ta yi ta busa ba ruwansa. Duk inda shanun suka nufa yana tsakiyarsu, in yaron ya matso kusa da wata sai ya ratsa tsakani yana huci. Yaron kuma ba ya daddara, ya zagaya ta can. Abin da ke faruwa a wajen kiwo ban gani ba, Baba kaɗai ke wurin, shi kuwa ba mai ba da labari ba ne. Sai dai ya dawo yana fara'a, ya tsaya tsakar gida ya ce da Inna, "Kin ga aikin maɗaci? A gaya wa yarinyar nan ta ƙara yawan sassaƙen." Na ƙara.

Haka aka yi 'yan makonni. A cikinsu saniyata ta yi kwana biyu tana kuka tana kaiwa da komowa, sannan ta natsu. Na sa rai, na kuma rasa wanda zan sa wa ran.

Rannan da yamma ana shigo da su, sai na ji ƙau! ƙaho ya haɗu da ƙaho. Danga ta yi ƙara, kaji suka watse. Kafin Baba ya raba su da sanda, tsohon ya yagi yaron a haƙarƙari. Ba wani babban rauni ba ne, Baba ya wanke ya shafa masa magani. Amma na ji yana magana shi kaɗai: "Dukiyar mutane. Dukiyar mutane a hannuna."

Bayan kwana kaɗan, da safe, maigidana ya hau kekensa ya tafi Sharada, mutumin Damagaram ya tafi wajen fatunsa. Ina wanke-wanke sai na ji sallamar wani Bafulatani da na san muryarsa, don shi ake kira in za a dandaƙe sa. Na ce a raina, to, Baba ya sauko, yau tsohon bijimi zai ajiye aiki, a turke shi. Har na ji tausayinsa. Na ji an kira maza biyu daga waje, na ji igiya, na ji an kayar da sa tim. Sai san ya yi kuka. Muryar siririya ce, sabuwa. Tsohon kuwa ga shi can gefe, ina jin tuƙarsa.

Kwanon da ke hannuna ban san inda na yar da shi ba. Na faɗa ɗakin Inna.

"Inna! Inna, baƙon ne suka kayar!"

"Na ji," ta ce, tana tsinke zogale.

"Inna, ku yi magana! Ai ba na mutumin Damagaram ba ne, ai..."

"Na sani. Ke kaɗai aka ba kunne a gidan nan?"

"To ku fita ku gaya musu mana!"

"In fita gaban maza, ana wannan aiki, in ce me? In ce ɗanka ya yi maka ƙarya, ko in ce bijiminka ya mutu a tsaye? Zaɓar mini ɗaya." Ta ci gaba da tsinkar zogalenta. "Wanda ya ce ajiya ce, shi zai zo ya ce ba ajiya ba ce."

Na tsaya bakin ƙofa, mayafi a hannu, ƙafa ɗaya a waje. Tsakanina da garke taku kaɗan ne. Na kasa. Ina tsaye na ji an fara bugu, na ji an gama, na ji Bafulatani na wanke hannu yana cewa nan da Sallah sai an faɗaɗa masa ƙofa.

Da la'asar ma'aikata suka dawo, Baba na zaune a zaure yana jiransu. Bai bari sun huta ba.

"Mutumin Damagaram, zo ka ji albishir. Na gyara maka sanka."

"Gya... gyara, Baba?"

"Sa mai bin shanu ai ba ya ƙiba, duk abin da ya ci a guje yake zubar da shi. Ga kuma wancan mafaɗacin, ka ga abin da ya yi masa. In ya kashe maka shi, da wane ido zan dube ka? Yanzu sai ya zauna a turke, ya ci ya sha. Ladan mai aikin ma na biya, kada ka damu."

Can maigidana ya ce da mutumin Damagaram, "Ai sai ka yi godiya."

"Na... na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

"Ba komai. Ai amana ce."

Maigidana ya shigo ɗaki ya zauna bakin gado, bai cire hularsa ba. Na kawo tuwo bai duba ba. Can ya ce, "Ke da kike jin komai, gaya mini, ya sani ko bai sani ba?" Na ce, "Malam, muryarsa dai irin ta kullum ce." Gaskiya na faɗa. Na san muryar Baba in yana zolaya, na san ta in yana fushi, na san ta in yana ɓoye abu. Ran nan ban ji ko ɗaya ba, ko kuwa duka ukun na ji a haɗe, oho.

Da aka ɗaure yaron a turke, tsohon bijimi kamar an zare masa laka. Rurin ya sake dushewa, ya koma katangarsa da jiniyarsa. Maɗaci kuwa har na gaji da tafasawa. Wajen tsakiyar rani, wata rana jiniya ta busa bai dawo ba. Aka same shi a gindin katangar ya durƙusa, an yi an yi ya tashi ya kasa. Baba da kansa ya aika a kira mahauci kafin rai ya fita a banza. Aka raba naman gida-gida, duk gidan da ya taɓa aiko da ƙwarya sai da aka kai masa. Naman tauri kamar igiya, wuni na yi ina hura wuta. Baba bai ci ba, ya ce haƙoransa ba za su iya ba.

Garke ya zauna ba bijimi. Yaron ya yi ƙiba yadda aka yi alkawari, da Sallah ta matso Baba ya raka mutumin Damagaram kasuwa, ya tsaya masa a ciniki, ya damƙa masa abin da aka samu a hannu, shi kuma ya zagayo ta bayan gida ya miƙa wa maigidana kamar ɓarawo.

Amma kafin duk wannan, cikin saniyata ya fito. Inna ce ta fara lura, ta kira ni taga ta nuna mini da haɓa. Na yi ta lissafi da yatsu, duk inda na juya lissafin sai ya faɗa cikin 'yan makonnin nan da su biyun ke garke tare, ɗaya da ƙuruciya, ɗaya da kishi. Na ce to, bari ta haihu, kama ba ta ɓuya. Ta haihu lafiya, namiji. Fari. Uwar fara, tsohon fari, yaron fari. Na ce a duba kunne. Kunnen da ɗan duhu-duhu, wanda in kana so ka ce baƙi ne ka ce, in kana so ka ce datti ne ka ce. Inna ta ce goshin na tsohon ne sak. Maigidana ya ce duk mai ido ya san ƙafafun nan na wanda ya sayo ne. Baba ya tsuguna ya daɗe yana shafa shi, ya ce, "Ba za a dandaƙe wannan ba. Shi zai riƙe garke."

Saniyata dai ta tsira daga mahauta, ta ƙara haihuwa bayan nan har sau uku, da maraƙin ya girma kuma takun shanun maƙwabta ya dawo yana tsayawa a ƙofarmu. Wannan duk na gode wa Allah. Abin da ya tsaya mini shi ne ranar ƙwarya.

Da dakashi ya wuce, na wanke sabuwar ƙwarya, na cika ta da madara, na rufe da faifai. Al'ada ce, mai saniya ya aika wa mai bijimi, ko da gida ɗaya suke. Na ba Inna ta kai zaure, na dawo na manna kunne a bango. Na ji ta ajiye. Na ji ya ɗaga faifan. Ya yi bismilla, ya kurɓa, na ji saukar madarar a maƙogwaronsa. Sai ya ce, "Miƙo mini wancan kwanon." Na ji ana tsiyaya. Daga baya da Inna ta dawo da ƙwaryar na duba, ta tabbatar mini rabi ya zuba, daidai wa daida, har yana karkata kwanon yana aunawa da ido. Da Baba ya gama tsiyayar, sai ya ɗaga murya ya kira mutumin Damagaram daga shagonsa.

"Ungo, sha."

"Ni, Baba? Na... na me?"

"Madara ce. Ba a shan madara a garinku?"

Ya sha. Baba ya karɓi kwanon, ya kife, ya shiga yi masa hirar tsadar angurya.

Tun da nake a gidan ban taɓa jin ya ba wani namiji madarar ƙwaryar nan ba, kullum shi ne sai mu na cikin gida. Na tambayi Inna, ta ce, "Mutum ya ga baƙo ya ba shi madara, shi ma sai an yi shari'a?" Amma tana faɗa tana kare baki da gefen zane. Maigidana ya ce in Baba ya sani, ai shi ya kamata a ba, ba mutumin Damagaram ba, tunda shi ya saya. Na ce in ya ba ka, ai ya tona ka ke nan, ya tona kansa. Ya ce to in ya san yaron na aiki, me ya sa ya dandaƙe shi? Na ce wataƙila ya bari sai da ya ga an gama aikin, tunda shi ke wajen kiwo. Ya ce ko kuwa dai tsakani da Allah amanar yake tsarewa. Na ce to rabin madarar fa? Haka muka yi ta yi har muka tsufa, Baba kuwa ya tafi da amsarsa.

Ni dai na ba ku yadda kunnena ya ɗauko, ban ƙara gishiri ba. Ku da kuka ji daga waje, don Allah ku raba mini gardamar nan: Baban nan, mu muka yi masa rufa-rufa, ko shi ya yi mana?